Kafin Ka Sayi Sabuwar Furosesa, Karanta Abin Da Ya Faru Da Ni

Ni gyaran waya nake yi, kuma duk wanda ke wannan sana'a ya san kwamfutar tebur ita ce jarin shago. Da ita muke filashin, da ita muke sauke fayilolin waya. Tawa ta gwanjo ce, mai Intel Core i3-2120. Ta kai matsayin da in na kunna ta, sai na gama shan shayi kafin ta buɗe. Kwastoma na zaune yana kallon agogo, wani ma ya karɓi wayarsa ya wuce shagon gaba.

Sai na ce ai furosesa ce matsalar. Na tara kuɗin aikin kusan sati guda, na sayo i5-4570 ba tare da na tambayi kowa ba. Na zo zan ɗora, ta ƙi zama. Ashe madabod ɗina soket ɗinsa LGA1155 ne, ita kuwa ta LGA1150 ce. A ido kamar ɗaya suke, amma 'yan tsagin da ke gefensu ba wuri ɗaya suke ba. Allah ya taimake ni ban danna da ƙarfi ba, don a irin wannan soket siraran filolin suna jikin madabod ne. Suka lanƙwashe, ka shiga uku.

Da ƙyar mai kayan ya yarda ya canza min da i5-3470, wadda ta dace da soket ɗin. Na ɗora, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Gabana ya faɗi. Daga baya na gane BIOS ɗin tsoho ne, bai san furosesar zubi na uku ba. Dole na mayar da tsohuwar, na sabunta BIOS, sannan na sake ɗora sabuwar, na goge busasshen man sanyaya na shafa sabo ɗan kaɗan kafin na ɗaura fanka. Ta tashi.

To ka san me? Buɗe manyan fayiloli ya yi sauri, tunda daga kwakwalwa 2 na koma 4. Amma wajen tashi tana nan jiya i yau. Sai da na danna Ctrl, Shift da Esc, Task Manager ya fito, na ga had-disk ne ke tsaye a 100%, furosesa kuwa tana hutawa. Da na sa SSD, kafin in gyara zama ta buɗe.

Don haka ɗan uwa, kar ka yi irin garajena. Fara buɗe Task Manager lokacin da kwamfutar ke nauyi, ka ga wa ya cika: furosesa, RAM ko disk. In furosesa ce, sauke CPU-Z, zai nuna maka soket ɗinka da sunan madabod. Da wannan sunan za ka duba jerin furosesar da yake ɗauka a shafin kamfanin. Ka sabunta BIOS tun tsohuwar na ciki, kuma kar ka fara sai kana da tabbacin wuta ba za ta ɗauke ba.

Mu da muke yi wa masu waya faɗan sayen sikirin ba tare da duba lambar waya ba, ga shi ni ma na faɗa. Wace furosesa ce a kwamfutarka? Rubuta min a ƙasa, in sha Allah zan duba maka abin da zai hau.