Su a Ruwan Kwance: Dattijo da Surukinsa a Tafkin Rutland

Kalmar su a Hausa tana ɗauke da ma'anar sana'a. Wanda ya tafi su ana sa ran ya komo da abin da za a sa a tukunya ko a kai kasuwa, kuma kayan aikinsa, tun daga koma da taru har zuwa fatsa, an tsara su ne domin kifi ya shigo hannu da yawa cikin ɗan lokaci. A tsibiran Birtaniya akwai wani nau'in su da ya juya wa wannan hikima baya. Masu yin sa sun hana wa kansu taru, sun hana wa kansu tana da duk wani abinci na gaske, suka taƙaita a kan ƙugiyar da aka naɗe da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro. Da wannan ƙwaron ƙarya ake neman tirawut, kifin ruwan sanyi wanda babu abin da ya haɗa shi da tarwaɗa in ban da kusancin lafazi.

Al'adar yin sa daga cikin kwale-kwale ta samo tushe ne a tafkunan Sikotland da Ayaland. A tafkin Loch Leven aka yi gasar ƙasa ta farko ta masuntan Sikotland a shekarar 1880. Ingila ba ta da irin waɗannan tafkuna da yawa, sai da birane suka buƙaci ruwan sha aka gina madatsun ruwa, masunta kuma suka bi baya: an buɗe Blagdon ga masu kamun tirawut a 1904, Grafham a 1966, sannan Rutland, wadda aka kammala a tsakiyar shekarun 1970. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 10, ana turo mata ruwa daga kogunan Welland da Nene, kuma wani tsiri na ƙasa mai suna Hambleton ya raba ta hannu biyu, na arewa da na kudu. An tashi mutanen wasu ƙauyuka kafin ruwa ya rufe gidajensu. Cocin Normanton ce aka ceta, aka cike ƙasanta da duwatsu, tana nan a bakin ruwa kamar an binne ta zuwa ƙugu.

A wannan tafki wani dattijo ya shafe fiye da shekara arba'in yana su tare da aboki ɗaya. Abokin ya rasu, hannun dattijon ya fara rawa, idonsa kuma ya daina ganin kafar ƙugiya balle ya zura mata zare. 'Yarsa ta ce ba zai ƙara shiga ruwa shi kaɗai ba. Ta haka ne mijinta, malamin makarantar sakandare a Lesta wanda bai taɓa riƙe sandar fatsa ba, ya gaji kujerar marigayin. Mai karatu Bahaushe zai ji abin banbaraƙwai, domin kunyar da ke tsakanin surukai ba za ta bari mutum ya wuni da uban matarsa a cikin kwale-kwalen da bai kai mita 6 ba. Su ma ba su kuɓuta daga nauyin juna ba. Dattijon ba ya son a ga gazawarsa, surukin ba ya son a gyara masa aiki kamar ɗan aji ɗaya, kuma kowannensu ya san cewa idan koyon bai yiwu ba, sun dattijon ya ƙare ke nan.

Darasin farko a kan ciyawa aka yi shi, babu ruwa babu kifi. A fatsar da aka saba, nauyin dalma ne yake jan zare zuwa nesa. Ƙwaron ƙarya kuwa ba shi da nauyin a zo a gani, saboda haka sai aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta, igiya mai kauri da aka lulluɓe da roba. Igiyar ake jefawa, ƙwaron fasinja ne kawai. Sandar, mai tsawon ƙafa 10, takan lanƙwashe ta tara ƙarfi idan aka ɗaga ta da sauri aka tsayar da ita cak a daidai kunne. Sai a dakata igiyar ta miƙe a baya, sannan a turo ta gaba. Wannan ɗan dakatawar ce ta fi ba surukin wuya. Duk lokacin da ya yi gaggawa sai igiyar ta yi ƙara kamar bulala, ƙwaron ya tsinke ya ɓace. Dattijon, wanda yake kiran sa yaro duk da furfurar da ke gemunsa, ba ya cewa komai sai: "Yaro, jira ta. Ba za ta gudu ba."

A cikin ruwa aka gane cewa jifan shi ne mafi sauƙin aikin. Kogi yana nuna wa masunci inda kifi yake, ga kwana, ga dutse, ga inuwar bishiya. Tafki shimfiɗa ce guda, kuma ruwansa ba ya kawo wa kifi abinci, kifin ne yake yawon nema. Dabarar da aka gada daga Sikotland ita ce a kashe inji, a juya kwale-kwale ya ba iska gefensa, a bar shi ya yi ta gangarawa a hankali, mutum biyu suna jifa gabansu, iska tana bayansu. Domin rage gudu akan jefa wata laima ta tamfol a cikin ruwa ta baya, ta buɗe ta riƙe jirgin. Jawo wannan laima idan ta cika da ruwa aikin mai ƙarfi ne, kuma shi ne abin da ya fara kuɓuce wa dattijon. Tirawut kan yi iyo yana fuskantar iska idan yana cin abinci a saman ruwa, don haka kwale-kwale da kifi suna tunkarar juna ne. Inda iska ta shata wani layi mai santsi a tsakanin igiyoyin ruwa, nan ƙwari kan taru, nan kuma ake so a bi. Ranar hadari da iska mai laushi ita ce ranar su. Ranar da rana ta take ruwa ya kwanta kamar madubi, karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma takan tabbata a zahiri.

Batun zurfi ne ya ci wa surukin damina guda. Mutum biyu na iya zama a jirgi ɗaya da ƙwaro iri ɗaya, ɗaya ya kama kifi takwas ɗaya ya tashi a tutar babu, don kawai ƙwaron na biyun yana wucewa ƙafa uku a saman kawunan kifin. Shi ya sa masunci yake tafiya da igiyoyi iri-iri: mai yawo a sama, mai nitsewa a hankali, da masu nitsewa inci 3 ko 5 ko 7 a daƙiƙa. Idan ya jefa sai ya ƙirga a zuci kafin ya fara jawowa, goma, ashirin, talatin, har ya dace da inda kifi yake, sannan ya riƙe wannan ƙidaya. A nan ilimin malamin ya yi masa rana, domin ya zo da ɗan littafi yana rubuta iska da igiya da ƙidaya. Dattijon ya raina littafin da farko. Daga baya, da ya ga yana manta abin da ya faru makon jiya, sai ya riƙa tambaya a kaikaice ko yaro ya rubuta wani abu game da hannun arewa.

Abincin tirawut yana bin kalanda. A Afrilu da Mayu babban abincinsa wani ƙwaro ne mai kama da sauro amma ba ya cizo, wanda tsutsarsa ja take zaune a cikin laka, idan ta kusa fiffike ta taso sama a hankali. Kwaikwayonta siririn abu ne, baƙin zare a kan ƙugiya, kuma kusan ba a motsa shi. Akan ɗaura uku a jere a kan siririn zaren da ke ƙarshen igiya, tazarar ƙafa biyar ko shida a tsakaninsu, kowanne yana bincika zurfi dabam. Da zafi ya shigo sai kifin ya koma bin garken ƙumar ruwa, wadda takan nutse idan rana ta yi haske ta taso idan gari ya lumshe. A Satumba da Oktoba manyan tirawut kan far wa 'ya'yan wasu kifaye a bakin ciyayi. Ƙulla waɗannan ƙwari uku a cikin jirgi mai tangaɗi ya zama aikin surukin tun ranar farko, nasa da na dattijon, kuma ba a taɓa ambatar dalilin ba.

Kifinsa na farko ya zo ne ta wata dabara da sababbi ba sa yarda da ita. Idan an jawo igiya ta kusa ƙarewa, ba a fizge ta a sake jifa. Akan ɗaga sanda a bar ƙwarin su tsaya a rataye a gefen jirgi na 'yan daƙiƙu, domin tirawut kan biyo ƙwaro tun daga nesa yana shakka, sai ya ga ya tsaya ko zai tsere sama sannan ya cafke. Haka ta faru a hannun kudu a wani yammacin Yuni. Kifin nau'in mai jan zane a gefe ne, wanda asalinsa kogunan yammacin Amurka ta Arewa ne, kuma a gonar kifi aka raine shi kafin a zuba shi a tafkin, kamar akasarin waɗanda ake kamawa a can. Wannan gaskiya ce da masu abin ba sa son a cika nanatawa: ana sayen tikiti ne a yi farautar dabbar da aka kiwata domin a yi farautarta. Amma kifin da ya yi wata shida yana ci da kansa a ruwa mai faɗin Rutland ya daina zama na gona, kuma hannun da ya riƙe sanda a lokacin ba zai musa ba.

Sun yi saɓani a kan sakin kifi. Dattijon ɗan zamanin da ake kashe abin da aka kama ne a kai gida. Surukin ya fi son ƙugiya marar ƙaya, a zare ta kifin yana cikin ruwa a bar shi ya tafi, abin da masunci mai neman abinci zai kira wahalar banza, kuma yana da hujja. Zafi ne ya raba gardamar. Tirawut yana walwala ne a ruwan da bai wuce digiri 16 ba, idan ya haura 20 iskar shaƙa takan ragu a cikinsa, kifin da aka gajiyar aka saka kuma sau da yawa mutuwa yake yi daga baya. A ranar 19 ga Yuli 2022 an auna digiri 40.3 a Coningsby, a lardin da ke maƙwabtaka da Rutland, zafin da ba a taɓa gani ba a Birtaniya. Tun daga wannan shekara suka daina fita a tsakiyar bazarar Turai, suka mayar da ranakunsu farkon shekara da ƙarshenta.

Da hunturu jiragen kan koma kan tudu. A kicin ɗin dattijon suke zama ranar Lahadi, an kunna fitila mai haske a kan tebur, shi yana faɗin launin zare da yawan naɗi, surukin yana ɗaurawa, kowane iri guda shida, uku a akwatin wannan uku a na wancan.