Wa Ke Ɗauko Ɗanki Idan An Tashi?

'Yar'uwa, nakan ji iyaye mata suna ƙorafin cewa makarantu sun fiye tsanani a bakin ƙofa. An aiki ƙanin miji ya ɗauko yara, maigadi ya ce sunansa ba ya cikin takarda, sai an kira uwa a waya. Ya dawo gida yana huci, wai an mayar da shi ɓarawon yara. Na san zafin abin. Mu da muka tashi a gidan yawa, inda ake cewa ɗa na kowa ne, dole mu ji kamar cin fuska ne.

Amma aikin jinya ya sa na ga hikimar dokar. A asibiti, ko kwana uku na yi ina kula da majinyaci, ba na yi masa allura sai na duba sunansa a kati. Ba rashin sani ba ne, ido ne ke ruɗuwa idan gajiya ta haɗu da cunkoso. To, ki tuna ƙofar makaranta lokacin tashi: adaidaita sahu, babura, yara na guje-guje, ga malama ɗaya tana ƙoƙarin gane kowa.

Kuma mai cutarwa ba kullum yake zuwa da baƙuwar fuska ba. Ba mu manta da yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a Disamba 2021, tana dawowa daga Islamiyya ba. Wanda ya ɗauke ta shi ne mai makarantar bokon da take zuwa. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yuli 2022, amma hukunci bai dawo wa iyayenta da ita ba. Allah Ya ba su haƙuri.

Shi ya sa ban yarda da “ai yaron ya san shi” ba. Ranakun da nake aiki ba ni ke ɗauko nawa ba, don haka mutum uku na rubuta wa makaranta, da hotunansu da lambobin wayarsu. Ke ma ki yi hakan. In kin sallami direba, ko kin canza mai adaidaita, ki sanar da su a ranar. In aure ya mutu, ku daidaita da uban yaran, ku ba makaranta magana ɗaya a rubuce. Islamiyya ma ki je ki tambayi malam wa yake miƙa wa yara, domin a nan muka fi sakin jiki.

Sannan ki zaunar da ɗanki ki gaya masa: ko wa ya ce “Mama ce ta aiko ni”, ya koma wurin malama a kira ki. Ƙanin miji kuwa ki ba shi haƙuri, ki sa sunansa a takardar tun gobe da safe.