Daren Rabon Alewa a Orlando da Yawon Sallar Yaranmu



Tun da na dawo daga ziyarar ƙanena a Amurka, tambayar da aka fi yi mini ita ce ta hotunan nan da aka ga yara riƙe da jakunkuna cike da alewa, ga kabewa mai ido da baki a bayansu. Wasu sun tare ni a ƙofar masallaci, wasu a kasuwa. Na ga gara in yi bayani sau ɗaya a nan, domin a cikin abin da na gano akwai maganar da ta shafi yaranmu na nan Agege.

Sunan bikin Halowin, ana yin sa a daren 31 ga Oktoba. Asalinsa daga ƙasashen Ailan da Sikotilan ne, inda mutanen da suke da bikin ƙarshen kaka da shigowar hunturu mai suna Samhain, suna ganin a wannan dare ruhohin matattu kan zagayo. Bayan zuwan Kiristanci, coci ta ware 1 ga Nuwamba don tunawa da waliyyanta, sai daren ya zama jajibirin ranar. Mutanen Ailan da yunwar 1845 zuwa 1852 ta kora suka ƙetara Amurka da al'adarsu. Bin gida-gida da yara ke yi suna karɓar alewa kuwa bai game ƙasar sosai ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, da aka daina taƙaita sayar da sukari a 1947. Yaro zai yi shigar wani abu, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce "trick or treat", wato ko dai a ba shi alewa ko ya yi wa masu gida tsiya. Yau tsiyar ta zama ta baka kawai, alewar ce ta rage.

Malamai da yawa sun hana Musulmi shiga wannan biki saboda asalinsa, kuma na faɗa wa ƙanena haka tun da ya kawo maganar. Ya ce, "Yaya, na sani. Amma yarinyar nan wata guda ke nan ana zancen a makarantarsu. A gidana babu shigar fatalwa ko ta mayu. Wasa za mu kai su, mu dawo." Babbar 'yarsa mai shekara 6 ta sa farar rigar likita, ƙaninta mai shekara 4 ya sa jar hular 'yan kwana-kwana. Na bi su don in gani da idona. Hukuncin na bar wa malamai, ni abin da na gani zan ba da labari.

Wurin da muka je shi ne Magic Kingdom, ɗaya daga wuraren wasan Disney da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoba 1971. Suna da wani dare na musamman da suke kira Mickey's Not-So-Scary Halloween Party, wato bikin da aka rage wa ban tsoro don ƙananan yara. Ba sa jiran ranar 31. Tun daga watan Agusta suke fara shi, a wasu zaɓaɓɓun darare, har ƙarshen Oktoba. Tikitinsa daban ne da na shiga da rana. Kuɗin mutum ɗaya ya haura dala 100, yana ƙara tashi idan ranar ta matso, sai yaron da bai kai shekara 3 ba ne ke shiga kyauta. Mu biyar, da ni da ƙanena da maiɗakinsa da yaran biyu, ya biya sama da dala 700. Kowa ya buga wannan da canjin yau ya ji.

Bikin na farawa ƙarfe 7 na yamma ya tashi 12 na dare, amma mai tikiti na iya shiga tun ƙarfe 4. Mun yi la'asar a gida muka fita. Inda ake ajiye mota da nisa da ƙofar, akwai tafki a tsakani, sai ka zaɓa ko jirgin ruwa ko wani jirgin ƙasa mai tafiya a sama kan dogo ɗaya. Muka hau na ruwa. A ƙofa aka duba kayanmu, aka ɗaura wa kowa wani ɗan madauri a wuyan hannu, aka ba mu jakar zuba alewa. Da ƙarfe 6 ta yi aka rufe wa baƙin rana, ma'aikata suka riƙa duba hannu suna sallamar marasa madauri cikin ladabi. Zafi da gumin wurin kamar na Legas, har bayan faɗuwar rana. Da magariba ta yi muka tambayi wata ma'aikaciya, ta nuna mana wani lungu mara hayaniya muka yi salla.

Tsarin rabon alewar mai sauƙi ne. An warwatsa wuraren rabo a ko'ina, kowanne da alama mai haske. Ka bi layi, ka isa gaban ganga cike da cakulan da minti, ma'aikaci ya damƙo ya zuba maka a jaka. Babba ma ana ba shi, kuma idan ka ga dama ka sake komawa bayan layi. Yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko madara ana ba su jaka mai launi daban, su riƙa karɓar wasu 'yan ƙwandaloli, daga baya su canza su da abin da ba zai cutar da su ba. Duk wanda ya kai shekara 14 ba a yarda ya rufe fuskarsa ba. Wannan dokar ta burge ni, domin a taron da yara suka cika ya kamata a riƙa ganin fuskar kowane babba.

Ana yin fareti sau biyu a dare. Kafin ya taso, sai wani mahayi ya ratso titi a kan baƙin doki, an yi masa shiga kamar ba shi da kai, yana riƙe da kabewa mai wuta a ciki. Daga wani tsohon labarin marubuci Washington Irving na 1820 aka ɗauko shi. Babbar ta yi ta tafi. Ƙaramin kuwa ya ƙanƙame wuyana ya ce, "Baffa, ina kansa?" Na ce masa yana cikin riga ya ɓoye, wasa ne. Bai sake ni ba har aka gama. Wajen ƙarfe 10 aka yi wasan wuta a saman dogon ginin nan mai kama da fadar sarakuna, ya toshe kunnuwa da hannu biyu, kafin a gama barci ya kwashe shi a kafaɗata. Ni na ɗauko shi har mota, ga jakunkunan alewa a ɗaya hannun.

Ga wanda Allah Ya kai shi da iyali, shawarata kaɗan ce. A tafi da keken tura yara ko da yaron ya iya tafiya, don tafiyar da yawa. A ci abinci a ƙoshi kafin a shiga. A fara da layukan alewa na can ciki, sun fi na bakin ƙofa sauƙi. A kalli faretin farko idan yaran ƙanana ne, domin na biyu sai bayan 11. A rubuta lambar waya a saka wa yaro a aljihu. Idan an dawo gida a zauna a tace alewar, musamman mai danƙo da mai laushi, domin wasu ana haɗa su da jalatin wanda sau da yawa daga alade ake samo shi. Maiɗakin ƙanena ta ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu ta kai wa abokan aikinta.

Wurin ya cika alkawarinsa: tsafta, tsari, fara'a, babu wanda ya ture yaro. Amma a hanyar komawa na tambayi ƙanena abin da ya tsaya mini a rai. Na ce tun da al'adar ta bin gidajen maƙwabta ce, kuma kyauta ce, me ya sa mutum zai biya wannan kuɗi a ba ɗansa alewar da bai fi ya saye ta da dala 20 a kanti ba? Ya ce, "Yaya, shekarata biyar a layin nan, gida biyu kawai na san sunan masu shi. Ta yaya zan saki yarana su buga ƙofar wanda ban sani ba?"

Na kai har ranar 31 a garin, na ga abin da yake nufi. Ƙa'idarsu ita ce gidan da ya kunna fitilar ƙofa yana maraba da yara, wanda ya kashe a wuce shi. A layinsu gidajen da suka kashe sun fi yawa. Iyaye da dama yanzu a filin ajiye motoci na makaranta ko na coci suke taruwa, kowa ya buɗe bayan motarsa, yara su zagaya suna karɓa. Tsoro ne ya kawo haka. A 1982 mutum 7 suka mutu a yankin Cikago bayan an sa guba a wani maganin ciwon kai, ana saura wata ɗaya bikin, hankalin iyaye ya tashi a duk ƙasar. Sai dai wani malamin jami'a mai suna Joel Best ya shafe shekaru yana bin rahotannin jaridu, bai samu shaidar cewa wani baƙo ya taɓa kashe yaro da alewar Halowin ba. Wanda aka fi sani, na jihar Tekzas a 1974, uban yaron ne da kansa ya sa gubar don ya ci kuɗin inshora. Haɗarin da ya tabbata a daren shi ne na mota tana buge yara a titi. Duk da haka tsoron ya zauna, ya raba mutane da maƙwabtansu. Abin da ƙanena ya saya da dala 700 kwanciyar hankali ce, wadda a da maƙwabtaka ke bayarwa kyauta.

Akwai kuma abin da tikiti bai iya saya masa ba. A duk layin da yarinyar nan ta bi, an yi mata murmushi, an yaba rigarta, amma babu wanda ya san sunanta ko ya ce ta gaida babanta. Washegari ko ta haɗu da mai rabon a hanya ba zai gane ta ba.

A nan ne na tuna da namu. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san tashe, daga goma ga azumi yara na bin gidaje da Macukule da Jatau mai magani, ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Ya san yawon salla: ka sa sabon ɗinki, ku jeru da sa'anninka, gida-gida kuna gaisuwa, a ba ku goron salla da cincin da nama. Kafin a miƙo maka komai sai tsohuwar gidan ta ɗago haɓarka ta ce, "Kai ɗan gidan wane ne?" Ta ambaci kakarka, ta ce ka gaishe ta. Daga ranar ka shiga lissafinta. Idan ta gan ka kana abin da bai dace ba za ta tsawata, idan ka ɓata ita za ta riƙo hannunka har gida. Haka ɗa ya zama na kowa.

Yau ko a Kano rundunar 'yan sanda ta sha dakatar da tashe saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi. Mu kuma a nan Legas layuka sun zama masu ƙofar ƙarfe, kowa ya fita da asuba ya dawo bayan isha'i. Ranar salla yawancinmu mota muke cikawa da yara mu nufi babban kanti ko bakin teku, mu biya kuɗin shiga, su hau lilo, a ɗauki hoto a dawo. Yaro ya yi nishaɗi, amma ya wuce ƙofar dattijai goma na unguwarsu bai shiga ko ɗaya ba. Akwai yaranmu da suka kai shekara goma ba su san gidan mai unguwa ba, ba su iya durƙusawa su gaida babba da Hausa ba. Hanyar da ƙanena yake kai ita muka ɗauko, nairarmu ce kawai ba ta kai dalarsa ba.

Don haka ga abin da zan gabatar a zamanmu na wata mai zuwa, kuma ina neman goyon bayanku, musamman iyayenmu mata. A ƙaramar salla mai zuwa ƙungiya ta tsara wa yara yawon salla. A rubuta gidajen da suka amince su karɓi yara, a fara da na tsofaffi da na matan da mazansu suka rasu. A raba yaran goma-goma, kowane rukuni da manya biyu da iyaye suka sani. A fara bayan saukowa daga idi, a gama kafin la'asar, ba tsallaka babban titi. A sa har da gidajen maƙwabtanmu Yarabawa da muke sahu ɗaya da su a masallaci. Ba a ɗora wa kowa nauyi ba: dabino uku ko biskit ɗaya ya isa, wanda ba shi da hali ƙungiya ta kai masa abin rabon tun jajibiri a asirce. Sharaɗi ɗaya ne, kowane yaro ya yi sallama, ya gaisar, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa.

Wanda ya ga dama ya kai yaransa wurin wasa washegari, babu laifi. Amma ranar farko a bar wa unguwa, tun da zumunci a ƙafa yake. Duk mai son a sa gidansa, ko mai son ya raka yara, ya same ni bayan sallar Juma'a ko ya faɗa wa shugabar mata.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya shirya su, Ya bar zumunci. Amin.

Naku,
Sakataren Ƙungiya