Kwatano: abin da mai jiran kaya ya gani a bakin teku

Daga Yamai zuwa Kwatano tafiyar ta zarce kilomita 1000. A ratsa Doso, a sauka Gaya, a ƙetare kogin Isa zuwa Malanbil, sannan Kandi da Paraku, har ƙasa ta ƙare. Shekara da shekaru wannan ce hanyar shinkafa, atamfa, gwanjo da motocin da ake sayarwa a kasuwannin Nijar. Amma cikin dubban ƴan kasuwa da ma'aikatan da suka bi ta, kaɗan ne za su iya faɗin yadda teku take. Sun san Zango, sun san kasuwar Dantokpa da birorin duwan. Teku kuwa ƙararta kawai suke ji da dare.

Wani ɗan kasuwa na Maraɗi ya shekara goma a cikin wannan hali. Abin da ya fid da shi shi ne jinkirin wata kwantena, wadda ta zaunar da shi mako uku ba aikin fari ba na baƙi. Wata safiya bayan sallar asuba ya hau kabukabu zuwa Fijirose, gaɓar da ke yamma da tashar jiragen ruwa, da niyyar ɗaukar hoton da zai aika wa yaransa.

Hotunan farko ba su yi ba. Layin da ya raba ruwa da sama ya karkace kamar teku za ta tsiyaye gefe guda, mutane kuma sun fito baƙi ƙirin domin ya fuskanci rana. Sannu a hankali ya gane zaman wurin. Gaɓar Benin kudu take kallo, saboda haka wanda ya fuskanci ruwa, rana daga hagunsa take fitowa, ta faɗi a damansa. Da sassafe da kuma bayan la'asar haske yakan zo a kaikaice, ya fito da tudun kowace igiyar ruwa. Da tsakar rana komai fari ne fat, ba abin ɗauka. Ya kuma koyi cewa iskar teku tana ɗauke da gishiri: gilashin salula ko na kyamara yakan yi dusu-dusu, kuma wanda ya goge shi da bakin riga mai rairayi ya karce shi ke nan har abada.

Wani darasin masunta ne suka ba shi. Sukan bar bakin igiya guda a tudu, kwalekwale ya keta raƙuman ruwa yana zuba taru, ya yi gewaye ya dawo da ɗaya bakin. Daga nan sai layi biyu na mutane su yi ta ja, sa'o'i, da waƙa, mata na jira da kwanoni. Ranar da ya ɗaga salula ba sallama, an daka masa tsawa. Washegari ya fara da gaisuwa, ya kama igiya ya ja har tafin hannunsa ya yi kanta. Bayan haka babu wanda ya sake hana shi.

Zane kuwa ya zo ne daga baya, a cikin littafin da yake lissafin kuɗin fito, da fensir irin na ƴan lakwal. Ya bar siffar mutane da dabbobi, don kauce wa abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba, ya tsaya ga kwalekwale da bishiyar kwakwa. Salula tana ɗauka cikin ƙiftawar ido, mai ita ya wuce bai ga komai ba. Fensir kuwa sai an zauna. Sai da ya ɓata shafi biyar kafin ya lura cewa gindin manyan kwalekwalen nan itace guda ne aka fafe, aka ɗora katako a bisa, kuma yawancinsu daga dazukan Gana aka sassaƙo su. Igiyar ruwa ba ta tsayawa a zana ta. Dole a kalli ashirin, a riƙe siffarsu a kai, a zana guda.

Wannan sabon ido ne ya kai shi gabas da tashar, unguwannin Akpakpa, kuma a can ya tarar da wata gaɓa dabam. A Fijirose rairayi ne shimfiɗe, sai an yi tafiya kafin a taɓa ruwa. A gabas kuwa ya ga katangu sun rabe biyu, matakalar bene tsaye ba bene, kututturan kwakwa a cikin kumfa. Wani dattijo ya nuna masa inda gidansu yake a da, ya miƙa hannu can cikin ruwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A wannan gaɓa ruwa yana tura rairayi daga yamma zuwa gabas, dare da rana. Da aka buɗe tashar Kwatano a 1965, dogayen katangun duwatsu da ke kare jirage suka tare wannan tafiya. Rairayi ya taru a yamma, gabas ta rasa mai cike mata gurbi, teku ta shiga cin ƙasa. A shekarun 2010 gwamnatin Benin ta jera tarin duwatsu masu shiga cikin ruwa don rage ɓarnar, amma gidajen da suka tafi sun tafi. Ɗan kasuwar ya yi shiru. Tashar da ta gina masa shago a Maraɗi ita ce ta rushe wa wannan dattijo ɗaki.

Tun daga ranar ya ɗauki al'ada guda. Duk zuwan da ya yi, yakan koma wuri ɗaya, ya tsaya a gindin turken lantarki ɗaya, ya ɗauki hoto, ya yi zane, ya rubuta kwanan wata a ƙasa. Ba ya shiga ruwa ko zuwa gwiwa, domin wannan teku tana da ja, kuma ɗan tudu da ya iya iyo a tafki ba sa'anta ba ne. Ba ya kuma ɗaga salula kusa da ƙofar tashar ko inda masu kaki suke.

A 2023, bayan juyin mulkin watan Yuli a Yamai, aka rufe iyakar Gaya, kaya da yawa suka koma bi ta Lome. A can ma labarin ɗaya ne: tun da aka buɗe tashar a 1968, gaɓar da ke gabas da ita, wajen Aneho, take zaizayewa. Ɗan kasuwar ya sayi sabon littafi.

Tsohon yana nan a shagonsa, ƙarƙashin takardun duwan. Wanda ya nemi gani, akan buɗe masa. A shafin farko akwai bishiyar kwakwa bakwai tsakanin turken lantarki da ruwa. A shafin ƙarshe saura biyu.