Tambayar da Amurka ke yi wa kowa

A Amurka akwai wata tambaya da ke bin mutum tun ranar da aka haife shi har ranar da za a cika takardar mutuwarsa. Ana yi wa mai jego a asibiti, ana yi wa yaro ranar shiga makaranta, ana yi wa mai neman aiki da mai neman bashin sayen gida, kuma duk shekara goma gwamnati na aika ta gida-gida a takardar ƙidayar jama'a. Kalmar da ake tambayar da ita gajera ce, harafi huɗu: race, ana furta ta “res”. Duk wanda ya yi boko a gida ya san ta a filin wasa ranar gasar guje-guje, don tsere muka fara sanin tana nufi. Can ma haka suke cewa, tseren dawaki, tseren motoci, in kakar zaɓe ta zo kuwa da ita 'yan jarida ke kiran takarar shugaban ƙasa dare da rana. Amma in ka gan ta a saman takarda da ƙananan akwatuna jere a ƙarƙashinta, ba gudu ake nufi ba. So ake ka faɗi wane irin mutum ne kai a cikin nau'o'in da hukuma ta ware.

Na fara gamuwa da ita a wani ƙaramin asibiti a New York, inda ma'aikaciyar gaba ta miƙo mini takarda da biro. Akwatuna biyar ne: fari, baƙi ko Ba'amurke mai asali da Afirka, ɗan Asiya, ɗan ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar, har da na Alaska, sai ɗan Hawai da sauran tsibiran tekun Pasifik. A gefe akwai wata tambaya daban, ko kana da asali da ƙasashen masu jin Sifaniyanci. Wani ofishi na fadar shugaban ƙasa ne ya tsayar da waɗannan biyar a 1997. Ba ƙabila ake nema ba, don babu Bahaushe babu Bayarabe. Ba kuma tsantsar launin fata ba ne. Abokin tafiyata Bafulatani ne, fari sol, irin wanda a gida in ana kwatancensa za a ce “wannan farin mutumin”, amma akwatin baƙi ya zaɓa, kuma babu wanda zai yi tsammanin wani abu daban daga gare shi. Mutumin Masar kuwa, ko da ya fi shi duhu, takardun lokacin fari suka ɗauke shi. Har an yi wani Mostafa Hefny a birnin Detroit, ɗan ƙabilar Nuba daga kudancin Masar, baƙi wuluk, wanda a 1997 ya kai gwamnati ƙara yana roƙon a daina rubuta shi fari. Duk bambancin da muke yi a gida tsakanin ja da baƙi da wankan tarwaɗa, a can akwati ɗaya ya haɗiye shi.

Wanda ya fara fahimtar da ni nauyin abin wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi da ya daɗe yana tuƙin tasi a unguwar Bronx. Bayan an sauko daga Juma'a na ba shi labarin takardar.

Ya ce, “Malam, ai a nan ba a tambayar ɗan gidan wa kake. Da ni da kai da mutumin Jamaika da jikan bayin da aka kawo tun tale-tale, in ɗan sanda ya ɗauki rediyonsa suna ɗaya zai ba mu.”

Na ce, “To Alhaji, yaran naka fa, yaya suka ɗauki abin?”

Ya ce, “Su ai sun fi ni saninsa. Ni sai da na zo nan na koyi cewa ni baƙi ne. Su kuwa a cikinsa aka haife su.” Ya ce ranar da babban ɗansa ya sami lasisin tuƙi sai da ya zaunar da shi ya koya masa: in an tsayar da kai, ka kashe mota, ka ɗora hannu biyu a kan sitiyari, kada ka kai hannu aljihu sai ka faɗi abin da za ka ɗauko. Na daɗe ina juya wannan magana, uba ya haddace abin da zai tsare ran ɗansa a bakin titi.

Tushen abin a kudu na gan shi, a birnin New Orleans na jihar Luwiziyana. A wata kusurwa da ba ta da hayaniya, inda titin Press ya haɗu da titin Royal, kusa da layin dogo, akwai wani allon ƙarfe a kan sanda. In ba ka sani ba sai ka wuce shi. A nan ne ranar 7 ga Yuni 1892 aka sauke wani baduku mai ɗinkin takalma, Homer Plessy, daga jirgin ƙasa aka kama shi, don ya zauna a taragon farare. Abin da ya tsayar da ni a gaban allon shi ne, Plessy da ka gan shi Bature za ka ce. A cikin iyayen kakanninsa takwas, ɗaya ne kaɗai ɗan Afirka. Da gangan wata ƙungiyar masu adawa da wariya ta zaɓe shi don ta gwada dokar raba taragai ta 1890, har sai da aka shirya wanda zai yi kamun. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, a 1896 alƙalai bakwai suka ce raba jama'a halas ne muddin an ba kowa daidai, alƙali ɗaya ya ƙi. A kan wannan hukunci aka gina raba makarantu da asibitoci da famfunan shan ruwa, sai 1954 kotun ta fara rushe shi. Zuriyar Plessy da zuriyar alƙali Ferguson da ya fara yanke masa hukunci su ne suka haɗa kai aka kafa allon a 2009. Gwamnan jihar bai yafe wa Plessy laifin ba sai a 2022, bayan ya kusa shekara ɗari a kabari.

To yaya aka yi mutum mai kashi bakwai cikin takwas na Turawa ya zama baƙi? Doka ce ta ce haka, kuma dokar da dalilinta. Tun 1662 yankin Bajiniya ya zartar cewa ɗa matsayin uwarsa yake bi. Ubangida ya haihu da baiwarsa, ɗan ya zama dukiyarsa, yana iya kai shi kasuwa. Wannan ya girgiza ni, don a shari'ar da muka sani ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, yana cin gado, yana ma iya hawa gadon sarauta. Ba ina wanke bautar da aka yi a ƙasarmu ba ne, ita ma ta ci mutane. Amma mutum ya sayar da ɗan cikinsa kuma doka ta tsaya masa, wannan wani mataki ne daban. Daga nan lissafin jini ya samo asali. A ƙidayar 1890 masu ƙirga sun riƙa kasa mutane kamar masu rabon gado: ga mai nusufi, ga mai rubu'i, ga mai sumuni, kowanne da sunansa a takarda. Daga baya suka bar lissafin suka ɗauki abin da ya fi shi tsanani, wanda suke kira dokar ɗigo ɗaya. A 1930 aka umarci masu ƙidaya cewa duk mai jinin baƙi, komai ƙanƙantarsa, baƙi za a rubuta shi.

Kada a ɗauka tsohon zance ne. A 1977 wata mata a Luwiziyana, Susie Guillory Phipps, ta je neman takardar haihuwarta don ta yi fasfo. Ta tashi a matsayin fara, ta yi aure a matsayin fara, sai ta tarar an rubuta iyayenta ba farare ba. Ta kai ƙara. Jihar na da doka ta 1970 mai cewa wanda jinin baƙi a jikinsa ya wuce kashi 1 cikin 32 ba fari ba ne, aka bi salsalarta har ƙarni na sha takwas, ta faɗi shari'ar. A 1983 aka soke dokar. Haramcin aure tsakanin fari da baƙi kuwa sai 1967 Kotun Ƙoli ta kawar da shi, a shari'ar Richard da Mildred Loving, waɗanda aka kora daga Bajiniya don kawai sun yi aure. Jihar Alabama ba ta goge haramcin daga kundinta ba sai shekara ta 2000.

Ko alƙalan ma ba su tsaya a magana ɗaya ba. A ƙarshen 1922 wani Bajapane, Takao Ozawa, ya nemi zama ɗan ƙasa, yana cewa fatarsa fara ce. Kotu ta ce ba fata ake dubawa ba, rukunin da masana suka sa Turawa ake nufi. Wata uku bayan nan wani ɗan Indiya, Bhagat Singh Thind, wanda ya yi aikin soja a rundunar Amurka, ya nuna cewa masanan a wannan rukunin suka sa mutanensa. Kotun ta ce a'a, abin da mutumin kan titi ke kira fari shi ne fari. Alƙali ɗaya ne ya rubuta hukuncin biyu. Masana ƙwayoyin halitta na yau sun gama magana a kan wannan: bambancin da ke tsakanin 'yan Afirka su ya su ya fi na kowace nahiya yawa, akwatin da ya haɗa Bahaushe da Basomale da mutumin Kalahari ba jini ne ya zana shi ba.

Sai na riƙa tambayar duk wanda na zauna da shi, tun da kun san haka, me ya hana ku goge tambayar? Na yi zaton baƙaƙen ne za su fi son a goge. Akasarin waɗanda na ji daga bakinsu cewa suka yi a bar ta. Wata malamar makaranta ta ce mini, “Ɗan'uwa, in an daina ƙirga mu, da me za mu kai ƙara?” Tun bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta zaɓe ta 1965, da waɗannan alƙaluma ake gano kamfanin da ba ya ɗaukar baƙi aiki da jihar da ta yanka mazaɓu don ta raunana ƙuri'arsu. A shekarun 1930 an zana taswirorin birane aka shafa wa unguwannin baƙaƙe ja, alamar kada a ba da bashi a can, kuma har yau unguwannin na ɗauke da tabon. Shi ya sa yanzu doka ta tilasta wa banki ya rubuta rukunin duk mai neman bashin gida. In mutum ya zo da kansa ya ƙi cikawa, ma'aikacin bankin zai dubi fuskarsa da sunan gidansu ya cika masa. Da na ji wannan sai da na sa aka maimaita mini.

Faransa ta bi wata hanya, dokarta ta 1978 ta taƙaita tara irin wannan bayani, ƙidayarsu ba ta tambaya. Mu ma a Najeriya ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, don gudun rigima, amma ba ka samun gurbin karatu ko aikin gwamnati sai ka kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarku. Saboda haka ban kalli Amurkawa da idon wanda ya fi su ba. A ra'ayina malamar nan ta fi gaskiya: zaluncin da aka yi da lissafi a rubuce, da wuya a gyara shi ba tare da lissafi ba.

Sai dai tambayar na yin ɓarna in ta tsallaka daga ofis zuwa ɗakin likita. Shekaru da dama asibitocin Amurka suna amfani da wani lissafin auna lafiyar ƙoda wanda ke ƙara wa baƙi maki, sai ƙodarsa ta fito a takarda kamar ta fi yadda take lafiya. Sakamakon haka mutane suka makara wajen shiga layin dashen ƙoda, alhali baƙaƙe sun fi farare fama da ciwon. A 2021 manyan ƙungiyoyin likitocin ƙoda suka ce a cire wannan ƙarin, daga 2023 kuma aka umarci cibiyoyin dashe su sake duba takardun baƙaƙen da ke layi su mayar musu da lokacin da suka yi asara. Dubbai ne aka matsar gaba. Waɗanda suka riga suka rasu suna jira, babu abin da za a mayar musu.

Akwatunan kansu ba su daina motsi ba. Sai a ƙidayar 2000 aka fara barin mutum ya zaɓi fiye da ɗaya, mutum kusan miliyan 7 suka yi hakan, a 2020 kuwa suka haura miliyan 33. Barack Obama, ɗan Bakenye da Baturiya, akwatin baƙi kaɗai ya zaɓa a 2010. A takardar 2020 an buɗe layi a ƙarƙashin akwatin baƙi don mutum ya rubuta asalinsa, kuma cikin misalan da aka buga akwai Najeriya da Habasha da Somaliya, a ƙarƙashin fari kuma akwai Labanan da Masar. Larabawan Amurka, musamman na garin Dearborn a jihar Michigan, sun shafe shekaru suna cewa an rubuta su farare amma ba a yi musu kallon farare a filin jirgi. A watan Maris na 2024 gwamnati ta amince da sabon akwati na mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, ta kuma haɗe tambayar masu jin Sifaniyanci da sauran, akwatunan suka zama bakwai. Ƙidayar 2030 ce ake sa ran za ta fara aiki da su.