Sili Biyu a Dar Salam

Duk wanda ya taɓa saro kaya a Suk Libiya ta Omdurman ya san motocin da ke miƙewa yamma zuwa Dar Salam. Unguwa ce ta ƙura da gidajen laka, wadda gwamnati ta yanka filayenta a farkon shekarun 1990. Akwai namu a ciki, jikokin mahajjatan da suka taso a ƙafa daga ƙasar Hausa, suka yada zango, zangon ya zama gida.

Asara ce ta kai ni can. Na sayi tob, wato laffayarmu, na alharini shara-shara, kowane kusan yadi biyar. Na ba wani ya yi musu surfani, na ce ya cika zare don furen ya fito, a ganina haka matan Kano ke so. Da kayan suka dawo, duk gindin fure ya tattare kamar fatar tsohuwar jaka. Aka ce in nemi wata dattijuwa a Dar Salam.

Na same ta a tsakar gida kan angarib, gadon nan nasu na igiya. Ko hannu ba ta sa ba, ta ce in ɗaga shi sama wajen rana.

"Ɗan nan, sili nawa aka zura?"

"Huɗu, Inna."

"To, shadda ka ɗauka ko? Wannan ba ya ɗaukar kaya."

Ta jawo zaren nan mai sili shida, ta zare su ɗai-ɗai, sannan ta haɗa biyu a jere ba tare da ta murɗa ba. Wai murɗaɗɗen zare igiya ne, tudu yake yi, ya bar kafa gefe da gefe. Amma sili biyu in sun kwanta kafaɗa da kafaɗa, sun fi huɗu rufe ido. Sili ɗaya na jijiyar ganye ne kawai. Kuma ba a ƙulli, tunda bayan yadin ma waje ne, komai ana gani. Wallahi shekara ashirin ina sayar da yadi, ban taɓa juya shi da wannan niyya ba.

Ba ta karɓi ko sisi ba, shayi ma ita ta ba ni. Waɗancan na karya su a Kantin Kwari, uwar kuɗi ma ba ta fita ba. Sarin da ya biyo baya ita da 'ya'yanta suka ɗinka.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 lambarta ba ta shiga. Saura tob ɗaya na aikinta a hannuna, mai ruwan toka, uwargida ta hana in sayar.