Neman Haihuwa Da Ƙwayoyin Kemis: Abin Da Ya Sami Ƙanwarmu

Yau muna so mu faɗi wani kuskure da muka yi da hannunmu, ko Allah Ya sa wani ya tsira daga irinsa.

Muna da ƙanwa wadda ta shekara 7 a ɗakin miji, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Dangin miji suka fara kiranta juya, har maganar saki ta taso. Don tausayi muka je kemis muka sayo mata ƙwayoyin Clomid da kwalaben bitamin, ba tare da ganin likita ba. Wata 5 tana sha, sai ciwon mara mai tsanani ya kama ta, ganinta ya soma dishi-dishi.

Da muka kai ta asibiti, likita ya yi mana faɗa ƙwarai. Ya ce wannan ƙwaya, wadda aka amince da ita a Amurka tun 1967, aikinta shi ne ta zuga jiki ya ƙara sinadaran homon, watau masu sa ƙwan mace ya nuna ya fito. Kwana 5 ake shan ta a farkon zagayen haila, kuma likita ne ke sa ido, domin takan kumbura ma'ajiyar ƙwai. Macen da ƙwanta ke fita daidai, ko wadda hanyar mahaifarta ta toshe, ba maganinta ba ne.

Bitamin kuwa, ya ce folik asid maikirogiram 400 kullum yana da amfani tun kafin a ɗauki ciki, don yana kare jariri daga naƙasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwa. Amma ba ya sa ciki ya shiga.

Bayan an auna ta aka ga lafiyarta lau. Da ƙyar muka shawo kan mijinta ya yarda a auna shi, ashe ƙarancin ƙwayoyin maniyyi ne a wurinsa. Shekara 7 tana shan gori a kan abin da ba daga gare ta yake ba. Yanzu shi ne ke karɓar magani, maganar saki kuwa ta mutu.

Lalle Musulunci ya umurce mu da neman magani, amma a wurin masaninsa. Suratush Shura ta nuna cewa Allah ne ke ba da 'ya'ya mata ko maza, Shi ne kuma ke hanawa. Annabi Zakariyya sai da ya tsufa aka ba shi Yahaya. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, darajarta kuwa ba ta ragu ba.

Saboda haka, ya kai magidanci, kafin ka kashe jarinka ko albashinka a kemis, ɗauki iyalinka ku je a auna ku, ku biyu. Allah Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, amin.